Shinkafar Abdulbaƙi

Kwana uku kacal Abdulbaƙi ya yi a Katsina wajen bita, amma da ya sauko daga mota a Magama, bakin iyakar Jibiya, sai ka rantse shekara uku ya yi a ƙasar waje yana karatun ruwa da wuta. Ya tafi da 'yar shara da hula, ya dawo da falmaran ruwan lemo mai ɗaukar ido, da usur rataye a wuya, da fayil a hammata. Tun daga ranar bai ƙara cewa "hadari ya taso" ba, sai dai "akwai barazana a gabas".

Ƙaramar hukuma ce ta ce kowace shiyya ta kafa kwamitin ko-ta-kwana kafin damina ta kankama, domin mutanen yankin sun ga aikin ambaliya da idonsu, ba labari aka ba su ba. Aka ba Abdulbaƙi riƙon ƙwarya na kwamitin bakin iyaka, saboda duk shiyyar babu wanda ya kai shi daɗewa a kan bencin ƙofar sakateriya. Aka ce masa nan da mako biyu za a turo jami'a ta duba shirinsa. In shiri ya yi kyau, a tabbatar masa da kujera, a haɗa masa da sabon babur na aiki. In bai yi ba, a ba wani.

Babur ɗin kuwa ya gan shi a harabar sakateriya, ja, ledarsa ma ba a ɓare ba. Shekararsa arba'in da uku a duniya, kuma duk babur ɗin da ya taɓa hawa a baya ya zauna, yana riƙe da rigar wani.

Bai zarce gida ba, sai rumfar Inna Delu mai shinkafa da wake, inda direbobi da 'yan dako ke majalisa. Ya ɗora fayil a kan teburin kwanuka, ya buga shi da tafin hannu.

"Duk wanda ke nan, ransa na cikin takardar nan," in ji shi. "Akwai Shiri na Ɗaya, akwai Shiri na Biyu. In na ɗaya ya ƙi, a koma na biyu."

Kalilu, sarkin 'yan dako, mutumin Maraɗi ne da ya shekara ashirin yana sauke kaya a Magama. Ya lashe cokali, ya ce da Faransancinsu na ƙetare, inda malam ke zama mushe, "Mushe Abdu, mi ne na ɗayan?"

"A taru wuri ɗaya."

"Na biyun hwa?"

"A kira ni."

"To Allah ya sa na ɗayan ya yi," in ji Delu. "Ɗauke takardarka, ta shiga miya."

Washegari ya sa aka rubuta allo da jan fenti, WURIN TARUWA, ya kafa shi a tsakiyar wani fili mai faɗi bayan tasha. Ya ja da baya taku goma yana dubansa kamar wanda ya gina masallaci. Delu ta zo wucewa da tulun ruwa, ta tsaya.

"Ɗan nan, wa ya zaɓa maka wurin ga?"

"Ilimi, Inna."

"Ilimin ya yi gaskiya. Ruwa ma in ya taso nan yake taruwa. Bara har wuyan jaki."

"Ruwan bara bai tarar da kwamiti ba," in ji Abdulbaƙi, ya ƙara danna allon da dutse.

Sai maganar buhunan yashi. A wajen bita an nuna musu hoton yadda ake jera buhuna cike da yashi a tare bakin ruwa, kuma hoton ya zauna masa a rai. Ya zaga kasuwa, ya ga tsoffin buhunan taki da na dusa, duk sun yi baƙi, wasu da faci. Ya ce wannan ba abin da za a ɗauki hotonsa a kai ofis ba ne. Daga ƙarshe ya samo wofin buhunan shinkafa 'yar waje guda ɗari biyu, farare sol, masu hoton giwa da rubutun Tailan. Ya ɗauko leburori daga Gangara, ya sa su a wani kango mai ƙofa, ya rantsar da su kada su faɗa wa ko matansu. Suka cika buhunan da yashin rafi, mai ɗinkin buhu ya zo da injinsa ya ɗinke bakin kowanne tsaf. An koya musu cewa atisaye ba ya zama atisaye sai ya zo wa jama'a ba zato, kuma duk cikin darussan kwana ukun wannan ne ya fi shige masa, domin yana ba mutum damar yin fuskar mai sirri.

Da rana tsaka aka kwaso buhunan a kura, aka zuba a wani shago kusa da titi, aka sa kwaɗo biyu. Magama kuwa ba garin da buhu ɗari biyu zai wuce a ce ba a gani ba ne.

"Ciyaman," in ji Ummaru direban tirela, wanda jiya-jiya yake kiransa Audu, "mi ke cikin kayan ga?"

Abdulbaƙi ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Abin da zai ceci rayukanku ne. Ranar Laraba za ku gani. Kada ka faɗa wa kowa."

Kafin la'asar an sani a Riko. Kafin Juma'a an sani a Mazanya, kuma a can buhunan sun zama dubu, har da man gyaɗa.

Ranar Asabar ya kafa tebur don rubuta sunayen masu rauni, wato tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya, waɗanda za a fara kwashewa in ruwa ya zo. Abin mamaki, sai ga shi duk Magama babu mai lafiya. Layi ya kai har shingen kwastan. Zaratan da ke ɗaukar injin niƙa a ka suka zo suna tari. Ummaru, wanda ke ɗaga tayar tirela shi kaɗai, ya iso yana ɗingishi da ƙafar dama, aka rubuta shi, ya koma yana ɗingishi da ta hagu. Delu ce lamba ɗaya, don tun kafin a kawo teburin take zaune a inda za a ajiye shi.

Abdulbaƙi ba kurma ba ne. Ya ji ana cewa tallafi, ya ji ana cewa rabo. Sau biyu ya buɗe baki zai gyara zancen, sai wani dattijo daga Riko ya durƙusa ya ajiye masa zakara, wata mata ta kawo ƙwaryar ƙwai. Tun da aka haife shi babu wanda ya taɓa durƙusa masa, in ban da mai gyaran takalmi. Ya ce a ransa ai Laraba ba nisa, kuma shi bai taɓa furta kalmar shinkafa ba.

A gida, matarsa Luba ta soya zakaran, ta ajiye masa cinya biyu, ta zauna kusa da shi fiye da yadda ta saba.

"Maigida, ko buhu ɗaya ne a shigo da shi ta ƙofar baya, tun kafin a fara turmutsutsu."

"Luba, abin da ke cikin buhun nan ba na tukunya ba ne."

"Uhm," in ji Luba. "Allah ya ƙara girma."

Akwai wani darasi da ba a koyar ba a otal ɗin da aka yi bita. A Magama akwai doka wadda babu wanda ya rubuta ta, babu kuma wanda ya taɓa karya ta. In aka hango farar mota mai buɗaɗɗen baya tana tahowa da jiniya, alhali ga shinkafa 'yar waje a fili, ba a tambayar ta wane ne. Duk mai kafaɗa ya ɗauki buhu, duk mai zaure ya buɗe ƙofa. In ƙura ta lafa a mayar wa mai kaya kayansa, ko ƙwaya ba ta ɓacewa, domin yau kai ne, gobe wani. Abdulbaƙi a garin aka yanke masa cibiya, ya san wannan doka kamar yadda ya san sunansa. Amma tun da ya sa falmaran, in ya dubi buhunan ba ya ganin shinkafa, hoto yake gani, da shi a tsakiya.

Ranar Laraba da hantsi, ranar zuwan jami'ar, leburorin Gangara suka fito da buhunan, suka jera su a bakin titi kamar katanga, giwa na kallon giwa. Jama'a sun cika wurin tun da safe, mata da kwanuka da zannuwan ƙulli, maza da igiyoyin ɗaure kaya. Abdulbaƙi ya karɓo aron lasifikar hannu wajen mai tallar maganin ɓera. Ya kira direban jami'ar a waya, ya ce, "In kun kawo kwanar nan ka saki jiniya, jama'a su san gwamnati ta iso." Tsarinsa shi ne, da jin jiniya zai busa usur, ya yi shelar cewa atisaye ne, kowa ya nufi allon taruwa a natse, 'yan kwamiti su nuna yadda ake tare ruwa, sannan a ɗauki hoto.

Ƙarfe goma da kwata jiniya ta tashi daga kudu. Farar mota ta ɓullo kwana.

Kalilu na zaune a kan kurarsa yana cin goro. Ya dubi motar, ya dubi katangar buhuna, ya tofar da goron.

"Duwan!" ya daka tsawa, wato kwastan a bakin mutanen ƙetare. "Yara, kayan Ciyaman!"

Abdulbaƙi ya busa usur. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa mai kaya na neman agaji. 'Yan dako arba'in suka faɗa wa katangar. Babu wanda ya ba da umarni, babu wanda ya yi karo da wani. Biyu na ɗorawa, ɗaya na gudu. Masu babur suka jeru, buhu biyu-biyu, suka bi ta bayan tasha. Ƙofofin zaure suka buɗe da kansu. Masu raunin ranar Asabar duk suka warke. Ummaru ya saɓa buhu a kowace kafaɗa, ya tsallake kwata, babu ɗingishi ko na dama ko na hagu.

"Shinkafar gwamnati ko nauyinta daban ne!" in ji wani yana nishi.

"Ku ajiye! Ku ajiye!" Abdulbaƙi ya ɗaga lasifika ya danna maɓalli. Lasifikar ta amsa da muryar mai ita, wadda ya naɗa a ciki: "Ga maganin ɓera, ga na kyankyaso! Ya ci a nan, ya mutu a can!" Ya sake dannawa, ta ƙara ƙarfi. Ya buga ta a cinya, ta koma farko. Ya riƙe rigar wani ɗan dako, ɗan dakon ya ce, "Kada ka damu, Ciyaman, ko guda ba za su samu ba," ya fizge ya wuce.

Motar ta iso a hankali saboda cunkoso. Babur ja na tsaye a bayanta, an ɗaure shi da igiya. Hajiya Rukayya, jami'ar da aka turo, ta fito. Siririyar mace ce mai tabarau, irin waɗanda ba sa maimaita tambaya. Tana riƙe da waya, tana duban agogon ciki.

"Kai ne shugaban kwamiti?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"An ce ka tanadi buhunan tare ruwa. Ina suke?"

Abdulbaƙi ya juya. Inda katanga take babu komai sai sawun ƙafa da takalmin roba wari guda. Buhu ɗaya tak ya rage, Inna Delu na zaune a kansa, ta baje zani ta rufe giwar.

"Wannan nawa ne," in ji Delu. "Ni ce lamba ɗaya. Duba takarda."

Ana haka sai ga wani jami'in kwastan ya taho daga shinge, don jiniya da guje-guje sun kai masa. Yana riƙe da ƙarfen nan mai tsini da ake caka wa buhu a ga abin da ke ciki. Ya gaida Hajiya, ya ce, "Inna, ɗan tashi." Delu ta tashi tana mita. Jama'a suka matso, kowa na son ganin irin ƙwayar, doguwa ce ko gajera. Ya caka ƙarfen, ya zaro. Yashi ya zubo, ja, mai laushi, har da ɗan ƙaramin dutse.

Lasifikar kaɗai ke cewa ya ci a nan, ya mutu a can.

"Yashi," in ji Delu. Ta durƙusa ta murza shi a yatsa. "Yashin rafin Gangara ne ma. Na san shi."

"Ya canza shinkafar!" wata mata ta ƙwala daga baya.

"Wallahi tun asali yashi ne!" in ji Abdulbaƙi. "Na tare ruwa ne! Ni na sa aka zuba!"

"Kun ji ko? Ya amsa da bakinsa!"

"Haba Audu," in ji Ummaru, yana haki. "Gwamnati ta rasa abin da za ta aiko wa mutanen Jibiya sai yashi? Mu da muke kwana a kansa?"

Delu ta kaɗa kai. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Waɗanda suka riga ka ko rabi suna bari."

"Zakarana!" in ji dattijon Riko, yana kutsowa da sanda. "A ba ni zakarana!"

"Baba, an riga an..."

"Ya cinye shinkafa, ya cinye zakara!"

Abdulbaƙi ya juya wajen Hajiya Rukayya, gumi ya jiƙa falmaran. "Ranki ya daɗe, don Allah gaya musu. Hukuma ta aiko da shinkafa?"

"Ba ta aiko ba," in ji Hajiya.

"Bakinsu ɗaya!" jama'a suka ɗauka gaba ɗaya.

Hajiya ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce, "Wa ya sa aka kwashe buhunan?"

Kalilu ya fito yana goge wuya da rawani. "Ni ne, Madan. Mun ɗauka taimako muka yi. Tun a kafaɗa na ji abin ga bai yi kama da shinkafa ba, amma in jiniya na tahe ba a tsayawa ɗanɗano."

"Minti shida da daƙiƙa arba'in," in ji ta, ta nuna masa wayar. "Buhu ɗari da casa'in da tara, babu wanda ya faɗi, babu wanda aka taka. Suna ina yanzu?"

Kalilu ya dubi jami'in kwastan, ya dubi sama. "Suna wurare."

"Yashi ba haramtaccen kaya ba ne," in ji jami'in. "Ku fito da shi."

"Wasu sun riga sun ƙetare, sai an kira su."

Cikin minti goma sha ɗaya buhunan suka dawo, daga zaure, daga ƙarƙashin gado, daga bayan tukwanen Delu, shida kuma daga wata ƙasa. Jami'in ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cakawa. Abdulbaƙi ya tsaya yana jiran gaskiyarsa ta fito, amma kowane buhu da ya zubo da yashi sai salati ya ƙaru.

"Duka ɗari biyun!" in ji wani tsoho, da 'yar sha'awa a muryarsa. "Kuma cikin mako biyu. Yaron ga zai yi nisa."

Hajiya ta tambayi Kalilu ta ina ruwa ke shigowa gari. Ya nuna mata bakin wata kwalbati da ta karye a gabas da tasha. Ta tambayi inda mutane ke gudu in ya shigo. Delu ta ce tudun makarantar firamare, tun zamanin kakanninta, tun ba a gina makarantar ba. Hajiya ta tambayi allon da ta hango a cikin kwari na mene ne. Duk aka dubi Abdulbaƙi.

"Wa ke sanar da ku in abu ya taso?"

"Kowa," in ji Kalilu.

"A rubuce yake?"

"In anka rubuta, Madan, ai sai a tsaya nema."

Ta sa aka kai buhunan bakin kwalbatin, aka jera su inda Kalilu ya nuna. Ta sa aka tumɓuke allon aka kai tudun makaranta. Sannan ta ce a sauke babur. Abdulbaƙi ya gyara wuyan falmaran, ya matso taku ɗaya, domin ɗan Adam ba ya fid da rai sai ya ga makulli a hannun wani.

Ta miƙa wa Kalilu makullin. "Na ƙungiyar 'yan dako ne, don zagayen gargaɗi. Aikin kwamiti ya koma hannunku, Inna ta zama mai ba da shawara."

"Ranki ya daɗe!" in ji Abdulbaƙi. "Mutumin nan fa ɗan Maraɗi ne! A tambaye shi takardarsa!"

"Mushe Abdu," in ji Kalilu, "ruwan ma in ya taho ba ya nuna takarda a shinge."

"Usur ɗin ka ba shi," in ji Hajiya. "Falmaran ka riƙe. In ruwa ya zo, a hango ka daga nesa."

Jama'a ba su watse ba, kuma dattijon Riko bai ajiye sandarsa ba. Kalilu ya ɓare ledar sirdi, ya tada babur, ya tsaya a gaban Abdulbaƙi. "Hau in fid da kai, kahin su tuna da ƙwai." Abdulbaƙi ya dubi taron, ya dubi babur ɗin, ya ɗaga ƙafa ya hau baya, ya riƙe rigar Kalilu.

Ya tarar da Luba a tsakar gida, labari ya riga shi isowa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba shi ruwa, ta karɓi fayil ta ajiye, ta leƙa waje ta ga babu kowa, ta sa sakata. Sannan ta dawo ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, ka yi dabara, ban taɓa zaton kana da ita ba. To yanzu daga ni sai kai. Ina ka ɓoye shinkafar?"